Kundin aikin fassarar manhaja zuwa Italiyanci

9 ga Satumba, 2024

Yau aka amince da buƙatar da na aika ta shiga rukunin masu fassarar sa kai na wata manhaja mai buɗaɗɗen tushe, wato wadda kowa yake da damar ganin yadda aka rubuta ta ya kuma gyara, kuma na ga ya dace in buɗe wannan kundi tun ranar farko, domin abin da ba a rubuta ba tun yana da ɗumi, mantuwa ce ke cinye shi. Manhajar ƙarama ce idan aka kwatanta ta da irin su LibreOffice ko Firefox. Aikinta shi ne ɗaukar kwafin fayilolin mutum ta adana su a wani faifai dabam, ta yadda idan kwamfuta ta lalace ko aka sace ta, mai ita ba zai tashi a tutar babu ba. Shekara uku ke nan ina amfani da ita ban biya komai ba, kuma ta taɓa ceto mini aikin watanni, saboda haka da na lura cewa fassararta ta Italiyanci ta tsaya a tsakiya, rabin allon da Italiyanci rabi da Ingilishi, sai na ji cewa bashi ne a kaina. Ban iya rubuta manhaja ba, amma na iya Italiyanci, harshen da na koya da girmana, wanda da shi nake aiki da mu'amala kullum a shekarun da na yi a Italiya.

Tsarin da ake bi tsohon tsari ne mai suna gettext, wanda aikin GNU, shirin samar da manhajojin da kowa yake da 'yancin amfani da su da gyara su, ya fitar da nasa samfurin tun 1995. Masu rubuta manhajar suna yi wa kowace jimla da mutum zai gani a allo alama, sai wani shiri ya tattara jimlolin duka a fayil guda, daga nan kowane harshe ya samu nasa kwafin mai ƙarewa da .po, inda jimlar asali take a layin da ake kira msgid, gurbin fassara kuma yana ƙarƙashinta a layin msgstr. Mu ba ma taɓa fayil ɗin kai tsaye, muna aiki ne ta Weblate, manhajar fassara da Michal Čihař ɗan Jamhuriyar Cek ya fara a 2012, wadda take ɗaukar abin da muka rubuta ta mayar da shi cikin ma'ajiyar tushen manhajar da sunan wanda ya fassara. Na tarar da jimloli kusan 1,900, kuma wajen 800 daga ciki ko dai babu fassara ko kuma an yi musu alamar neman dubawa. Rukunin Italiyanci mutum biyu ne kafin zuwana, ɗaya ya daɗe bai leƙo ba, ɗayar kuma wata dattijuwa ce da ta yi ritaya daga koyarwa, ita ce ke duba duk abin da aka fassara kafin ya wuce. A cikin wannan kundi zan riƙa kiranta Malama.

14 ga Satumba

Ban fassara ko jimla ɗaya ba a kwanakin nan biyar, domin Malama ta ce in fara karanta ƙa'idojin rukunin da ƙamus ɗin kalmomin da aka riga aka daidaita a kansu, kuma ta yi gaskiya. Tambaya ta farko da mai fassara zuwa Italiyanci zai amsa ita ce da wace murya manhaja za ta yi wa mutum magana. Italiyanci yana da "tu" na sabo da kusanci, yana da "Lei" na girmamawa, kamar yadda Bahaushe yake ce wa babba "ku" alhali shi kaɗai ne a gabansa, shi kuwa Ingilishi kalma ɗaya yake da ita ga kowa, don haka bai bar wa mai fassara wata alama ba. Abin da rukuninmu ya zaɓa, wanda kuma ya yi daidai da al'adar da masu fassarar manhajoji masu 'yanci a Italiya suka daɗe a kanta, shi ne a raba muryoyin gida uku. Idan mutum ne yake umartar kwamfuta, kamar a kan maɓalli, sai a yi amfani da umarni kai tsaye: Apri, Salva, Chiudi, wato buɗe, adana, rufe. Idan kwamfuta ce take tambayar mutum, sai a kauce wa "tu" da "Lei" baki ɗaya a yi amfani da tushen fi'ili, a ce "Salvare le modifiche?" Idan kuma ɗan bayanin nan ne da yake fitowa in an ɗora manuni a kan maɓalli, sai a faɗi abin da maɓallin yake yi: "Apre un file".

Manyan kamfanoni da yawa yanzu sun koma "tu" a ko'ina, kuma na fahimci dalilinsu, amma ni na gamsu da tsarin rukuninmu, domin manhajar da take riƙe da amanar takardun mutane ba ta buƙatar yin kamar abokiyar hira. Wani abu da ya faranta mini rai a ƙamus ɗin shi ne cewa ruɗanin da ke cikin kalmar Ingilishi "free", wadda take nufin kyauta kuma take nufin 'yanci, babu shi a Italiyanci: "gratuito" shi ne abin da ba a biya ba, "libero" shi ne mai 'yanci, kuma "software libero" ake cewa, wanda shi ne ainihin abin da Richard Stallman ya nufa tun da ya sanar da aikin GNU a 1983.

A wasiƙata ta farko na rubuta wa Malama da "Lei", sai ta amsa cewa a tsakanin masu sa kai kowa "tu" ne, ba babba ba yaro. Na bi umarninta, ko da yake har yanzu hannuna yana ɗan tsayawa kafin in rubuta shi ga wadda ta girme ni da shekaru masu yawa.

22 ga Satumba

Jimloli 140 sun wuce dubawa. Gyaran da ya fi yawa a tsohuwar fassarar na wasula masu alama ne. Allon madannai na Italiya yana da à, è, é, ì, ò da ù, amma ba shi da babban È, shi ya sa mutane da yawa suke rubuta E' a farkon jimla, wanda kuskure ne a rubutu na ƙa'ida. Na gyara wannan a wurare da dama, tare da "perchè" da ya kamata ya zama "perché", da "qual'è" da ya kamata ya zama "qual è". Duk wanda ya taɓa ganin an rubuta "kasa" a inda ake nufin "ƙasa" saboda madannai ba su da ƙugiya, ya san wannan ciwon, kuma ya san cewa mai karatu yana lura ko da bai yi magana ba.

3 ga Oktoba

Yau na yi kuskuren da nake so ya zauna a rubuce dalla-dalla. Akwai wani akwatin tambaya da yake fitowa idan mutum ya zaɓi share tsofaffin kwafin ajiya domin samun wuri a faifai. Akwatin yana gargaɗin cewa abin da aka share ba zai dawo ba, sannan yana da maɓallai biyu, ɗaya na ci gaba da sharewa, ɗaya na fasawa. Na farkon na fassara shi "Elimina", wanda daidai ne. Na biyun, wanda a Ingilishi aka rubuta "Cancel", na fassara shi "Cancella", domin kalmomin biyu sun yi kama kamar wa da ƙane, kuma dare ya yi, ina sauri in kammala sashen kafin in kwanta. Amma "cancellare" a Italiyanci gogewa ne, shi ne abin da malami yake yi wa rubutun allo da tsumma, shi ne kuma abin da mutane suke cewa idan sun share hoto daga waya. Kalmar fasawa ita ce "Annulla".

Malama ba ta gyara mini ba kai tsaye. Ta mayar da jimlar da ɗan rubutu a ƙarƙashinta, tana cewa in buɗe manhajar, in kai kaina wannan akwatin, in karanta shi kamar wanda hotunan iyalinsa na shekara goma suke cikin faifan. Na yi yadda ta ce. Na haɗa fayil ɗin fassarar da msgfmt, shirin da yake mayar da shi sifar da manhaja take karantawa, na kunna manhajar da Italiyanci, na danna share tsofaffin kwafi, sai ga akwatin a gabana: gargaɗi da ja a sama, a ƙasa kuma maɓallai biyu, "Elimina" a dama, "Cancella" a hagu, wato share da goge. Babu ƙofar fita. Na daɗe ina kallonsa, hannuna a kan linzamin kwamfutar, ina tunanin mutumin da bai san Ingilishi ba, wanda ba shi da hanyar gane cewa maɓallin hagu shi ne mai cetonsa, wanda zai iya cewa tunda duka biyun sharewa ne bari ya danna wanda ya fi girma. A Weblate jimlar kalma ɗaya ce a cikin layi, ba ta da maƙwabta, ba ta da ja a samanta. A allo kuwa ita ce tsakanin mutum da asarar da ba ta da magani.

Na san kalmar "annullare" tun shekarata ta farko a ƙasar nan, don haka ba rashin sani ba ne ya kai ni, fassara ba tare da ganin wurin da kalma za ta zauna ba ne. Daga yau na ɗaura wa kaina sharaɗi cewa duk jimlar da ta shafi sharewa, ko rubutawa a kan tsohon fayil, ko mayar da ajiya, ba zan tura ta ba sai na gan ta da idona a cikin manhajar tana aiki. Wannan zai rage mini sauri sosai, kuma na yarda da hakan.

8 ga Oktoba

Na bi fassarar duka ina neman "cancella" da danginta, na samu wurare huɗu da suka gabace ni inda aka yi amfani da ita a ma'anoni mabambanta. Mun daidaita da Malama cewa "Elimina" na abin da zai ɓace har abada ne, "Rimuovi" na abin da za a cire daga jeri amma yana nan a faifai, "cancella" kuwa ba za ta sake fitowa a kan wani maɓalli ba. Sauran matsalar ita ce "Annulla" ita ce kuma kalmar da aka saba da ita wajen janye aikin da aka riga aka yi, don haka a wuri ɗaya da ma'anonin biyu suka haɗu a taga guda, mun tsawaita ta biyun zuwa "Annulla l'ultima operazione". An shigar da duka wannan cikin ƙamus ɗin rukunin domin wanda zai zo bayanmu.

19 ga Oktoba

Makon nan gurabe ne suka sha mini kai, wato alamomin nan irin %s da %d da manhaja take cikewa da suna ko lamba a lokacin da take aiki. A Ingilishi abu ne mai sauƙi a ajiye gurbi a tsakiyar jimla, domin kalmar da ke gabansa ba ta canzawa. A Italiyanci kuwa ƙaramar kalmar da ke gaban suna tana sauyawa gwargwadon jinsinsa da harafin da ya fara da shi: il disco, lo schermo, l'archivio, la cartella, kuma idan ta haɗu da "di" sai ta zama del, dello, dell' ko della. Mai fassara bai san abin da zai faɗo cikin gurbin ba, saboda haka duk wadda ya zaɓa za ta yi daidai wani lokaci ta yi kuskure wani lokaci.

Misalin da ya fi ba ni wahala shi ne layin da yake nuna ranar da aka yi ajiya ta ƙarshe. Tsohuwar fassarar ta ce "Ultimo backup il %s", wanda yake da kyau a ranar 9 ko 20 ga wata, amma a ranar 8 da ranar 11 ɗan Italiya "l'8" da "l'11" yake cewa, domin "otto" da "undici" da wasali suka fara. Wato kwana biyu a kowane wata manhajar tana yin kuskuren da ɗan firamare ba zai yi ba. Maganin da na samu shi ne in cire ƙaramar kalmar gaba ɗaya in sa ɗigo biyu: "Ultimo backup: %s". Haka na yi da sunayen fayiloli, na sa kalmar "file" ko "cartella" a gaba, sunan kuma a tsakanin alamomin « » da ake kira caporali.

Akwai jimloli uku da wannan dabara ba ta yi musu aiki ba, domin masu rubuta manhajar sun yanka jimla gida biyu suna haɗa ta da kansu bisa tsarin Ingilishi. Na rubuta musu rahoto da misalai, na roƙi a mayar da kowace jimla cikakkiya, a kuma sa wa guraben lamba irin %1$s da %2$s domin mai fassara ya iya sauya musu wuri. Na kuma roƙi a raba kalmar "Open" gida biyu ta hanyar msgctxt, layin da yake nuna mahallin kalma, domin a wuri ɗaya umarni ce, "Apri", a wani wurin kuma bayanin hali ce, "Aperto", amma fayil ɗin ya ba mu gurbi ɗaya tak. Ɗaya daga cikinsu ya amsa cikin kwana biyu da godiya, ya ce masu fassarar wasu harsunan ma za su amfana. Wannan ne karo na farko da na ga cewa mai fassara yana iya gyara manhajar kanta ba tare da ya rubuta layi ɗaya na tushenta ba.

26 ga Oktoba

Yau ce Linux Day, ranar tallata Linux, tsarin gudanar da kwamfuta mai 'yanci, wadda ake yi a garuruwan Italiya da dama tun 2001, yanzu kuma a Asabar ta huɗu ta Oktoba, ƙarƙashin jagorancin Italian Linux Society. Na je taron da ya fi kusa da ni da kwamfutata, na samu ɗan tebur a gefe, na roƙi duk wanda ya tsaya ya gwada yin ajiya da mayar da ita, ni kuma in yi shiru in kalla. Gani ya kori ji. Wani dattijo da ya zo da tsohuwar kwamfutarsa domin a sa masa Linux ya zauna, ya gyara tabarau, ya fara karanta kowane layi da ɗan yatsa a kan allo yana motsa leɓe. Ya wuce matakai uku ba tare da tangarɗa ba, sai ya tsaya cik a kan kalmar "Destinazione", ya juyo ya tambaye ni ko ana nufin inda fayilolin suke yanzu ne ko inda za su je. Kalmar daidai take a ƙamus, Malama ma ta amince da ita, amma ga mutum a zaune bai gane ba. Na tambaye shi yadda shi zai faɗa, ya ce "dove salvare la copia", wato inda za a adana kwafin. Na rubuta a takarda a gabansa, kuma haka zai fito a taken wannan matakin.

A wani jawabi da na saurara an tuna mana cewa dokar gudanar da mulki ta hanyar na'ura ta Italiya, wadda aka kafa da doka mai lamba 82 ta 2005, ta wajabta wa hukumomin gwamnati a sashe na 68 su auna manhajoji masu buɗaɗɗen tushe kafin su sayi na kamfani, an kuma ambaci ma'aikatar tsaron ƙasar da ta sanar da komawa LibreOffice a 2015, da makarantun Italiyanci na lardin Bolzano da suke kan FUSS, wani tsarin Linux na makarantu, tun 2005. Abin da na riƙa tunani a hanyar dawowa shi ne cewa duk waɗannan ba za su yiwu ba in da ma'aikaci ko ɗalibi zai buɗe manhaja ya tarar da harshen da ba nasa ba, kuma mafi yawan wannan fassarar mutane ne suka yi ta da daddare bayan sun tashi daga aikin da yake ciyar da su.

10 ga Nuwamba

Tilo da jam'i. A saman kowane fayil na .po akwai layin da yake gaya wa manhaja yadda harshen yake ƙirga, kuma na Italiyanci sifa biyu ce: ɗaya tilo ne, duk sauran lambobi jam'i ne, har da sifili, saɓanin Faransanci da yake ɗaukar sifili a matsayin tilo. Mu namu da sauƙi idan aka kwatanta da harshen Folan mai sifa uku ko Larabci mai shida. Inda ake zamewa shi ne cewa kalmomin aro ba sa ɗaukar jam'i a Italiyanci, "un file" ne kuma "dieci file" ne, ba a ƙara musu "s", don haka wanda ya gabace ni ya ɗauka cewa sifofin biyu iri ɗaya ne ya kwafa. Amma kalmar da ke biye tana canzawa: "1 file copiato", "2 file copiati". Na gyara goma sha ɗaya irin wannan.

Sai batun jinsi, wanda Bahaushe ba baƙo ba ne a gare shi tunda mu ma sai mun zaɓi "ka" ko "ki" kafin mu buɗe baki. Allon farko na manhajar yana cewa "Benvenuto", wanda namiji yake yi wa maraba. Wani sabon mai sa kai da ya shigo makon jiya ya ba da shawarar a sa tauraro a ƙarshen kalmar ko harafin ə domin a kauce wa zaɓar jinsi, kamar yadda wasu suke yi yanzu. Na fahimci niyyarsa kuma niyya ce mai kyau, amma ban goyi baya ba, saboda dalilai biyu. Na farko, Accademia della Crusca, cibiyar harshen da ke Firenze tun ƙarni na 16, ta bayyana a 2021 cewa ba ta ganin waɗannan alamomi sun dace da tsarin rubutun Italiyanci. Na biyu, wanda ya fi nauyi a wurina, shi ne cewa makafi da suke amfani da manhajar karanta allo ba za su ji kalma sahihiya ba. Mun tsaya a kan "Ti diamo il benvenuto" da farko, sai muka tuna cewa mun yi alkawarin kauce wa "tu", a ƙarshe muka cire gaisuwar muka sa "Configurazione iniziale", wanda shi ne ainihin abin da allon yake yi. Haka "Sei sicuro?", wato "ka tabbata?", ya koma "Procedere?", wato "a ci gaba?", a ko'ina.

Kalmar "backup" kanta mun bar ta. Ni na fi son "copia di sicurezza", kuma da ita na yi amfani a cikin dogayen bayanai, amma ba ta shiga maɓalli, kuma Italiyawa, saɓanin Faransawa da suka ƙirƙiri "ordinateur", sun karɓi "computer" da "mouse" da "file" yadda suke. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a nan Malama ce 'yar gari.

24 ga Nuwamba

Masu rubuta manhajar sun cika alkawari, sun gyara jimlolin da na yi rahoto a kansu, sun kuma sanar da cewa daga yau ba za a sake taɓa rubutun Ingilishi ba har sai sabuwar siga ta fita, domin masu fassara su samu ƙasa mai tsayawa. Sai dai gyare-gyaren da suka shigo kafin rufewar sun sa jimloli sama da 200 sun koma matsayin da gettext yake kira fuzzy, wato fassarar tana nan amma asalin ya canza, kuma manhajar ba za ta nuna ta ba sai mutum ya duba ya cire alamar. Wasu waƙafi kawai aka ƙara musu. Wasu kuwa an juya ma'anarsu gaba ɗaya da kalma ɗaya ta korewa, kuma shirin da yake haɗa tsoho da sabo ya liƙa musu tsohuwar fassarar saboda sun yi kama a ido. Ba na cire alamar sai na karanta asalin daga farko har ƙarshe.

Sabon abokin aikinmu ya tambaya me ya sa ba za mu karɓi shawarwarin fassarar na'ura gaba ɗaya mu huta ba. Na nuna masa uku daga cikin na yau: ɗaya ta fassara sunan gurbi har manhajar za ta kasa cike shi, ɗaya ta mayar da "eventually" zuwa "eventualmente" wanda yake nufin "idan ta kama" maimakon "daga ƙarshe", ɗaya kuma ta koma "tu" a tsakiyar taga da sauran jimlolinta ba su da shi. Ina duba shawarwarin, kuma suna taimaka mini a dogayen bayanai, amma ba su san akwatin da jimlar za ta zauna a ciki ba, wanda shi ne ainihin abin da ya kayar da ni ranar 3 ga Oktoba.

5 ga Disamba

Gwaji a allo. Italiyanci ya fi Ingilishi tsawo kusan a kowace jimla, kuma maɓallai uku sun yanke rubutunsu a ƙaramar taga, don haka na gajarta biyu, na ukun kuma na roƙi a faɗaɗa shi domin "Ripristina" ba ta da gajeriyar 'yar'uwa. Haruffan gajeriyar hanya, waɗanda ake dannawa a madannai maimakon amfani da linzami, ake kuma yi musu alama da layin ƙasa, sun yi karo a jeri ɗaya inda "Salva" da "Seleziona" suke neman harafi guda, na matsar da na biyun. Na mayar da manyan haruffan da aka kwaikwayo daga Ingilishi ƙanana, domin Italiyanci kalmar farko kaɗai yake farawa da babban harafi a take, kuma sunayen ranaku da watanni da ƙaramin harafi ake rubuta su. Girman fayil yana fitowa "1.5 GB" maimakon "1,5 GB", amma wannan ba daga fassara ba ne, manhajar ce ba ta tambayar tsarin kwamfutar yadda ake rubuta lamba. Na yi rahoto, na kuma ja hankalinsu cewa kada su ɗaure waƙafi da harshen, domin masu Italiyanci na Ticino a Suwizalan suna da nasu tsarin rubuta lambobi dabam da na Italiya.

15 ga Disamba

Sabuwar sigar ta fita jiya, kuma Italiyanci yana cikin harsunan da suka cika. Na sabunta manhajar a kwamfutata ta hanyar da kowa yake bi, na je akwatin share tsofaffin kwafi kafin komai, na tarar da "Elimina" a dama da "Annulla" a hagu. Malama ta rubuto cewa idanunta sun fara gajiya da allo, tana so daga watan gobe in riƙa duba aikin sabon abokin namu, ita kuma ta riƙa duba nawa kaɗai. Na amsa mata cewa na karɓa, da sharaɗin duk jimlar da ta shafi sharewa za ta ci gaba da bi ta hannun mutum biyu. Batun waƙafin lambobi bai samu shiga wannan sigar ba, an ɗage shi zuwa ta gaba. Littafin jagorar mai amfani, wanda babu ko shafi ɗaya nasa da Italiyanci, shi ne aiki na gaba, kuma zan fara da babin mayar da ajiya bayan faifai ya lalace, ranar 7 ga Janairu in Allah ya kai mu.